Wutsiyar Fim

Shafi na 17

Inda aka tsaya: ranar Asabar an ɗaura aure a Gangare babu mai ɗaukar hoto. Uzairu aka tura daga shagon Oga Dung. Bai je ba, bai kuma faɗi dalili ba.

*

Ƙarfe tara da kwata na safiyar Litinin, sha ɗaya ga Yuli, 2005, Oga Dung ya ajiye farin ambulan a kan teburin Klaudiya.

"Idan ya dawo ƙarfe biyu, ki ba shi."

Klaudiya ta dubi ambulan ɗin. An buga sunan da inji: Uzairu Tanimu. Shekara tara tana wanke hoto a wurin Oga Dung, tun shagon yana cikin babbar kasuwar Terminus ta Jos kafin gobara, har ya dawo nan tsallaken titi. Sau biyu kacal ta taɓa ganin irin wannan ambulan, kuma duka biyun masu sunan ba su sake dawowa ba.

"Oga, kai ka rubuta, ni zan miƙa?"

"Ke ce babba a nan bayan ni."

"Ranar rabon shinkafar Kirsimeti ba ka tuna haka."

Bai yi dariya ba.

"Kawun amarya ya tsaya a ƙofar nan ya wanke ni tas gaban kwastoma. Na kira Uzairu, na ce me ya faru? Ya ce, 'Oga, duk abin da ka yanke daidai ne.' Shi ke nan. Mutumin da ya shekara shida a wurina. To na yanke."

Ya ɗauki makullin mota.

"Zan je karɓo takardar hoto. Sha biyu zan dawo."

Uzairu yana Kabong. An tura shi wata firamare ya ɗauki 'yan aji shida hoton fasfo. Klaudiya ta danne ambulan ɗin da kwalbar ruwa, ta juya ta tsaya gaban allon da ke bayan kujerarta.

A shagon Oga Dung akwai wata al'ada. Fim ɗaya hoto talatin da shida yake ɗauka. Idan mai hoto ya dawo daga biki da saura biyu ko uku, ba ya naɗe fim ɗin haka nan. Sai ya ƙarasa su a kan mutanen shago, babu sallama babu gargaɗi. Wannan suke kira wutsiyar fim. Klaudiya ta wanke, wanda ya fi ban dariya a manna shi a allo.

Fiye da rabin allon aikin Uzairu ne. Ga Baba Haladu mai haɗa firem yana barci a zaune, baki buɗe, guduma a hannu. Ga Gyang, ɗayan mai ɗaukar hoton shagon, ya hau kujera yana miƙa, hannunsa bai kai kantar kaya ba. Ga Oga da kansa yana fama da kan kifi.

Ita ce take rubuta kwanan wata a bayan kowane hoto. Ta riƙa juya su ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe daga hannun Uzairu, tara ga Afrilu.

Wata uku. Kullum tana juya wa allon baya, ba ta lura ba.

Ta shiga ɗakin wankin hoto ta sauko da kwalin negatif, wato fim ɗin da aka riga aka wanke. Ta ware duk wanda aka rubuta wa sunan Uzairu tun daga Afrilu, ta kasa su gida biyu: na ranakun mako daban, na Asabar daban. Ta riƙa ɗaga su ga hasken taga.

Na ranakun mako, mutane suna tsaye ƙiƙam kamar a ofishin 'yan sanda. Wannan Uzairun ne da ya taɓa sa wani sajan soja dariya har sai da aka sake masa fasfo sau uku. Ta duba wutsiya. A ƙarshen Afrilu, bangon siminti. A Mayu, ƙafar wani benci, sai takalminsa, sai ƙafar bencin kuma. Daga Yuni babu komai. Naɗewa kawai yake yi.

Na Asabar kuwa sai da ta zauna.

Ta leƙa tsakar shago.

"Gyang, zo."

Gyang ya shigo yana tauna masa, rabin ɗaya a hannu.

"Anti, lafiya?"

"Rufe ƙofa. Tsawonka nawa?"

"Ah ah. Da safen nan?"

"Uzairu sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan. Shekara shida ina wanke hotonsa, kullum ina ganin saman hular ango." Ta miƙa masa negatif ɗin. "Duba wannan. Me kake gani?"

Ya ɗaga ya duba.

"Ango ne."

"Cikin hancin ango ne. Wannan ma. Wannan kuma haɓar uwar amarya ce. Asabar goma sha ɗaya a jere, Gyang. Ko dai Uzairu ya koma ɗaukar hoto a durƙushe, ko kuma wani gajere ne yake masa aiki."

Gyang ya haɗiye masar da ƙyar.

"Gajeru suna da yawa a Jos, Anti."

"Masu barin ɗan yatsa a kusurwar hagu fa? Su nawa ne?"

Ya ajiye ragowar masar a kan kwali. Ya share hannu a wando.

"Na yi masa rantsuwa."

"Ga ambulan can a tebur. Ƙarfe biyu zan ba shi. Riƙe rantsuwarka."

Gyang ya leƙa ta tsagar ƙofa ya ga ambulan ɗin. Ya dawo ya zauna a kan bokitin da aka kife.

"Ƙarshen Afrilu ne. Na gama wani suna da wuri, na biyo ta tashar Laranto. Sai ga mutumina a kan benci. Ya sha wanka, jakar kyamara a cinya. Ya kamata a ce yana Rikkos tun ƙarfe goma, ga shi ƙarfe ɗaya ta wuce. Na ce, Uzairu, mota ce babu? Motoci kuwa ga su nan har suna kiran mutum. Ya ce, 'Gyang, na kasa tashi.' Na ce ƙafa ce? Ya ce a'a. Ciki ne? A'a. Ya ce shi ma bai sani ba."

"Sai?"

"Sai na karɓi jakar na hau acaɓa. Daga ranar, duk Asabar ina yin nawa, in ruga in yi nasa, in rubuta sunansa a fim. Har hularsa nake sawa idan unguwar Musulmi ce."

"Hularsa."

"Tana rufe min kunne, amma tana aiki. A Dilimi wani tsoho ya ce, 'Malam Uzairu, ka rage tsawo.' Na ce, Baba, wahalar duniya ce."

Klaudiya ta so ta daure. Ba ta iya ba. Ta dafa injin wankin hoto tana dariya ba sauti.

"Wannan Asabar ɗin fa?"

"Duka biyu ƙarfe sha ɗaya. Nawa a coci a Bukuru, nasa a Gangare. Ba zan tsaga kaina ba. Ya yi min alkawari zai je. Da yamma na same shi a bencin."

Aka buɗe ƙofa ba a ƙwanƙwasa ba. Baba Haladu ne, ƙusa biyu a baki. Ya cire su.

"Katakon ƙofar nan ni na haɗa shi, na san ba ya tare magana. Yanzu kai, ɗan nan, kai ne kake masa aikin Asabar?"

"Baba, ka ji ai."

"To ni ne mai ranakun mako. Duk ranar da Oga ya ce ina Uzairu, sai in ce ya tafi masallaci. Ƙarfe goma na safe, masallaci. Sha ɗaya, masallaci. Oga har ya tambaye ni ko an ƙara mana sallah ne bai ji labari ba."

"Yana ina a lokacin?"

"Bayan shago, kusa da janareta. A zaune. Na ɗauka sammu ne. Wata biyu ina kawo masa rubutu daga wurin malaminmu. Yana sha, yana godiya, yana komawa ya zauna."

Su biyun suka dubi Klaudiya. Ta gyara tsayuwa.

"Ni ba ruwana."

"Anti."

"To. Hotunansa na mako suna fitowa da duhu, ko filasha ya daina kunnawa. Ina ƙara musu haske a inji kafin Oga ya gani. Wasu sau biyu nake wankewa."

"Tun yaushe?"

"Mayu."

 Baba Haladu ne ya fara, wata dariya ƙasa-ƙasa mai haɗe da tari.

"Mu uku. Kowa yana ɓoye shi, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ashe mu muka rufe yaron da bargo har babu mai ganin yana rawar ɗari."

Klaudiya ta daina dariya. Gaskiya ce, kuma ba ta yi mata daɗi ba. Wata uku suna gyara aikin, babu wanda ya zaunar da mai aikin.

"Anti, ke kin san mene ne?" in ji Gyang.

"Na taɓa ganin irinsa."

"A wurin wa?"

Ta tattara negatif ɗin.

"Je ka ƙarasa masarka."

*

Sha biyu da minti goma Oga Dung ya dawo. Ana yayyafi. Klaudiya ta bar shi ya shiga ofis, ta bi shi da ambulan a hannu ɗaya, negatif a ɗayan, ta tura ƙofa da ƙafa.

Ta jera masa komai a tebur. Bango, benci, takalmi. Hancin ango. Ta faɗi na Gyang, ta faɗi na Baba, ta faɗi nata. Bai katse ta ba. Da ta gama, ya jingina.

"Wato ma'aikata huɗu gare ni, huɗun duka suna min ƙarya."

"Uku. Shi bai ce komai ba."

"Sai in buga ambulan uku in ƙara."

"Buga. Amma ka fara duba bencin nan."

"Na gani. Lalaci ne. Ko ya samu wani wurin, yana jin kunyar faɗa."

"Oga."

"Me?"

"Taifot ɗinka na shekarar dubu biyu da biyu."

Hannunsa ya tsaya a kan tebur. Ya dubi ƙofa, ya dube ta.

"Mun yi da ke ba za a sake wannan maganar ba."

"Shekara uku ban yi ba. Ko mijina bai sani ba."

"To ki ci gaba."

"Kasuwa ta ƙone a Fabrairu. Wata bakwai ina zaune ƙarƙashin lema a bakin titin nan da tebur ɗaya, ina karɓar fim ina kaiwa wani wuri a wanke. Duk wanda ya tambaya, in ce Oga taifot yake yi. Wane taifot ne yake wata bakwai? Na je gidanka na same ka ka juya wa ƙofa baya kana kallon bango. Matarka, Madam, ta ce kwana huɗu ba ka yi wanka ba. Ni na riƙa karɓo maka ƙwayoyin nan ƙanana daga asibiti, saboda ba ka so a gan ka a layin."

"Ni shagona ne ya ƙone. Shi me ya ƙone masa?"

"Likitan nan da kake yabo, ya ce sai abu ya ƙone?"

Oga ya miƙa hannu. Ya ɗauki negatif ɗaya ya ɗaga ga fitila. Ƙafar benci ce. Ya daɗe yana kallo, fiye da yadda hoton benci yake bukata.

"Ba zan faɗa masa naka ba," in ji Klaudiya. "Naka ne. Amma ba zan miƙa wannan ba." Ta tura masa ambulan ɗin. "In korarsa za ka yi, ka kalli idonsa ka yi."

"Kin san ni ne oga a nan?"

"An rubuta a allon waje."

Ta fita. Har ƙarfe biyu bai buɗe ƙofa ba, bai kuma aika a sayo masa gwate ba kamar yadda ya saba.

*

Uku saura ashirin Uzairu ya shigo. Rigarsa ta jiƙe a kafaɗa, ga lema a jaka bai buɗe ba. Klaudiya ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. Wuyan rigar ya yi masa yawa. Ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa.

Ya ajiye fim uku a teburinta.

"Anti, sannu da aiki. Ga na Kabong."

"Sannu. Oga yana kira."

"Na sani."

Ya ciro makullin kabad ɗinsa daga aljihu ya ajiye kusa da fim ɗin. Ya riga ya cire shi daga zoben.

Ƙofar ofis ta buɗe.

"Uzairu, shigo. Klaudiya, ke ma. Baba, Gyang, tunda dai za ku laɓe, ku shigo ku zauna kamar mutane. A juya allon ƙofa, mun rufe."

Ofishin bai ɗauki mutum biyar ba. Gyang ya hau kan kwalin takarda. Ambulan ɗin yana tsakiyar tebur. Uzairu ya ƙi zama har sai da Baba Haladu ya ja masa riga.

"Ka san abin da ke cikin nan?" in ji Oga.

"E, Oga. Ban ga laifinka ba."

"Ƙarfe nawa kake farkawa?"

Uzairu ya ɗago.

"Na'am?"

"Da dare. Ƙarfe nawa barcin yake gudu?"

"...Uku. Wani lokaci biyu."

"Ka kwanta kana lissafa duk abin da ka taɓa ɓatawa tun kana firamare."

Uzairu ya ƙura wa Oga ido.

"Abinci kamar kana tauna kwali. Ɗaura igiyar takalmi kamar an ce ka ɗauki buhun dankali zuwa Bukuru a ƙafa. Mutane suna dariya, kana jin su kamar rediyon maƙwabta. In an gaishe ka, ka ce lafiya lau, domin in an ce ina ke ciwo ba ka da wurin nunawa."

Uzairu ya juya ya dubi Gyang.

"Ban faɗi wannan ba," in ji Gyang da sauri. "Ni benci kawai na sani."

"Ba wanda ya faɗa min," in ji Oga. "Ni na yi. Wata bakwai, bayan gobara."

Baba Haladu ya gyara hula.

"Taifot ɗin?"

"Babu taifot, Baba."

"Kaji biyu na kai maka."

"Na ci. Na gode."

"Har ganyen gwanda na dafa maka da hannuna."

"Shi ne ban sha ba."

Gyang ya toshe baki. Klaudiya ta kalli silin. Wani abu ya motsa a gefen bakin Uzairu, bai kai murmushi ba, amma ta gani.

"Ciwo ne," in ji Oga. "Yana da suna. Likita ya ce ciwon damuwa, da Turanci difireshan. Yana da magani, yana da likitansa. Ni ina zuwa duk bayan mako biyu, mu zauna mu yi magana, ya ba ni ƙwaya. Wata na farko ban ga komai ba, na ce ƙarya ne. Wata na biyu, ranar wata Laraba, na ji ƙamshin suya daga titi, na ji ina so. Na zauna na yi kuka a kan suya."

Uzairu ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ba ta fita sosai.

"Oga, kai gobara ka yi. Ni ba abin da ya same ni. Ina da aiki. Ina da mata, ina da ɗa. Iyayena suna raye. Mutum yana sallah biyar, Allah ya rufa masa asiri, ya ce yana baƙin ciki? Ai butulci ne. Kunyar Allah nake ji, balle ta mutane."

"Kai, yaro," in ji Baba Haladu. "Limaminmu hawan jini gare shi. Ka taɓa jin an ce imaninsa ne ya ragu? Shekarar da na faɗo daga tsani, rubutu na sha, kuma ɗori aka yi min. Ban zaɓi ɗaya ba. Addu'a ba za mu fasa ba. Asibitin ma za ka je."

"Za a ce na haukace."

"Wa zai ce?" in ji Oga. "Ni na haukace?"

Gyang ya buɗe baki. Klaudiya ta taka masa ƙafa.

Oga ya matso da kujerarsa.

"Zan tambaye ka abu ɗaya da likita ya tambaye ni, kada ka yi min kara. Ka taɓa jin gara ma a ce ba ka duniyar?"

 Ana jin yayyafi a kan kwano.

"Yana zuwa," in ji Uzairu. "Ban taɓa nufin yin komai ba. Sai in kalli ɗana Mahdi yana barci, ya wuce. Amma yana zuwa."

"To. Ka faɗa, ka kyauta. Ba za mu jira mako mai zuwa ba. Gobe Talata, ranar likitan ce. Ƙarfe bakwai zan zo ƙofar gidanka da mota."

"In ta tashi," in ji Gyang.

"Kai za ka tura."

Oga ya ɗauki ambulan ɗin ya yaga biyu, ya haɗa ya sake yagawa, ya zuba a kwandon shara. 

"Ga yadda za a yi. Mako shida babu biki, babu suna, babu fita waje. Fasfo kawai, a nan cikin shago, daga goma zuwa biyu. Albashinka yana nan yadda yake. Ranar da ka kasa tashi, ka aiko a faɗa wa Klaudiya ka kasa tashi. Ba masallaci ba." Ya harari Baba. "Ba hula ba." Ya harari Gyang. "Ba ƙarin haske a inji ba."

"Ni aikina na yi," in ji Klaudiya.

"Ku ukun nan, da kun zo min tun Afrilu, da yanzu ya yi wata uku yana shan magani."

"Da mun zo tun Afrilu, da tun Afrilu ka buga ambulan," in ji Baba Haladu. "Mu taifot muka san ka da shi."

Oga ya dubi kwandon sharar. Ya sosa ƙeya.

"Wannan kuma nawa ne. Na karɓa."

"Mutanen Gangare fa?" in ji Uzairu. "Na ɓata musu rana. Ba ta dawowa."

"Ni zan je da kaina in ba da haƙuri. Ranar Lahadi amarya da ango su sake saka kayansu, a tara dangi, mu ɗauke su kyauta, da babban firem daga Baba. Gyang zai ɗauka."

"Yauwa," in ji Gyang.

"A kan benci. Na gaji da hancin mutane."

A nan ne abin ya ƙwace wa Uzairu. Dariya ce gajera, ta fito kamar tari, ta ƙare da hawaye. Ya rufe fuska da hannu biyu. Babu wanda ya ce masa ya yi shiru. Baba Haladu ya dafa masa gwiwa. Klaudiya ta fita ta ɗauko makullin kabad ɗin daga teburinta, ta sa masa a aljihun riga, ta koma wurinta.

Da ya natsu, ya share fuska da hannun riga.

"Oga, ban san me zan ce ba."

"Kada ka ce komai. Ka dai karya kafin bakwai, layin yana da tsawo. Sai abu ɗaya. Likitan yana so a zo da wani daga gida, wanda yake kwana yana tashi da kai. Ni Madam ce ta raka ni. Ka faɗa wa matarka yau."

Fuskar Uzairu ta sake rufewa.

"Fiddausi ba ta sani ba."

"Wata uku?"

"Kullum ina fita da jaka, ina dawowa da jaka. In ta ce na rame, in ce aiki ne. In ta ce ba na magana, in ce gajiya ce. Tana ganina a matsayin wanda ya tsaya da ƙafarsa, Oga. Ta baro gidan ubanta a kan haka. Zan je asibiti, zan sha duk abin da aka ba ni. Amma ita, a bar ta."

"Uzairu," in ji Klaudiya, "mu uku mun gwada wannan. Ka ga inda ya kai mu."

"Anti, ba za ki gane ba. Ban san ta inda zan fara ba."

Aka ƙwanƙwasa ƙofar waje.

"Mun rufe," in ji Gyang da ƙarfi.

Aka sake ƙwanƙwasawa, sau uku, a hankali. Klaudiya ta je ta buɗe.

Mace ce siririya cikin mayafi ruwan toka, goye da yaro mai barci, lemarta tana ɗiga. Klaudiya ta san fuskar daga hoton da ke manne a cikin kabad ɗin Uzairu. A shekara shida, ba ta taɓa tako shagon ba.

"Sannu, Anti. Ni ce Fiddausi."

Ta biyo Klaudiya har ofis, ta gaida Baba Haladu har ƙasa. Ta gaida Oga. Ta amsa gaisuwar Gyang, ta ɗan tsaya a kansa.

"Kai ne mai sa hularsa. An ba ni labarinka a Dilimi."

Gyang ya sauko daga kan kwalin.

Ta naɗe lemar ta jingina a bango. Ta dubi jajayen idanun mijinta. Babu fushi a fuskarta, babu mamaki. Uzairu ya miƙe, ya riƙe bayan kujera.

"Abban Mahdi," ta ce, "kai za ka faɗa min, ko ni zan faɗa maka?"